Jami'a Ta Hana Jikata Taɓa Bargo

A farkon watan nan na faɗi a tsakar gidana. Ba irin faɗuwar da mutum zai yi tuntuɓe ya miƙe ya kakkaɓe zani yana waige ko an gan shi ba. Zaman daɓaro na yi cikin ruwan kumfa, ƙafafu a sama, bargon wani malamin asibiti ya biyo ni ya rufe ni ruf. Bargon nan in ya sha ruwa ya fi ɗan maraƙi nauyi. Na ɗaure gefe guda a ƙarfen shanya ina murɗa ɗaya gefen ni kaɗai, ƙullin ya kwance, sai gani a ƙasa.

Da na fito da kaina daga ƙarƙashinsa, wa zan gani? Jikata, wadda na goya da bayan nan da ya bugu da siminti, tana zaune a kujerar roba nan kusa da ni. Ta ɗan ɗago kamar za ta tashi. Na ga hannunta ya miƙo. Sai ta tuna da jami'a, ta mayar da hannun kan cinya, ta kai waya bakinta ta ce a hankali, "Wadda ake nazari a kanta ta faɗi."

Na ce, "Wace ce ta faɗi?"

"Kaka, kin ji ciwo? In kin ji ciwo an yarda in taimaka, yana cikin ƙa'ida."

"In ban ji ba fa?"

"To sai dai in tambaye ki yadda kika ji a ranki."

Na gaya mata yadda na ji a raina. Tela ya ce ba za a iya buga shi a jarida ba.

Tela maƙwabcina ne, shagonsa na jingine da katangata, kuma shi ke rubuta mini wannan fili, tunda ni ban taɓa zama a aji ba. Ina faɗa yana rubutawa, in ya gama ya karanta mini, duk inda na ji ya zuba wa maganata ruwa in sa shi ya mayar da zafinta. Saboda haka in kun ji abu ya yi kaushi, nawa ne. In kun ji ya yi laushi, ya faki idona ne.

Ga waɗanda ba su san ni ba, wanki da guga nake yi, da shi na tsufa. Yarinyar kuwa 'yar ɗana ce, sunana aka sa mata, shi ya sa kowa ke ce mata Takwara. A hannuna ta tashi. Tun ba ta kai tsawon baho ba take riƙe mini ɗaya gefen bargo, don duk wanda ya san wanki ya san riga da wando aikin mutum ɗaya ne, amma bargo da labule sai mutum biyu. Yanzu tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun da suke kira nazarin jinsi. Da na tambaye ta me ake koyarwa a ciki, ta ce ana duba yadda duniya ta raba aiki da iko da wahala tsakanin maza da mata. Na ce madalla, ashe akwai masu dubawa. Ni a zatona an raba ne an tafi.

Kafin a ba ta takardar gamawa akwai wasu maki da ba a samun su a cikin aji, sai an fita waje. Hanya biyu ce. Ko ɗalibi ya je wata ma'aikata ya yi zango guda yana sanin makamar aiki, ko ya zaɓi abin da zai bincika da kansa, malami guda ya riƙa duba shi. Wanda bai samo makin nan ba, ba zai fita bana ba, sai ya jira baɗi. Ni kuwa na riga na gaya wa duk layinmu cewa bana Takwara za ta ɗora hular nan mai kama da faranti. Har mai kayan miya ya sani.

Ta fara da neman wurin sanin makamar aiki. Ta je wata ƙungiya da ke tallafa wa mata, aka ce mata gurbi ya cika. Ta ce ai yau aka sanar. Aka ce e, jiya ya cika. Ta je wani ofis, mai girma ogan wurin ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya ce aikin shi ne ɗaukar tiren shayi in manya suna mitin. Yarinya ta haɗiye karatunta ta ce ta yarda. Da ta koma don ta fara, sai ta tarar 'yar ƙanwar oga ta riga ta riƙe tiren. Ku ji fa, yau ko ɗaukar tire sai kana da kawu.

Shi ne ta dawo ta ce za ta yi binciken ƙashin kanta, kuma ni ta zaɓa. Za ta rubuta yadda tsohuwa ke ciyar da gida da ƙarfin hannunta. Ba zan ɓoye muku ba, ranar kaina ya kumbura. Na ɗauro sabon ɗankwali na tsaya gaban baho. Sai ta jawo kujera ta zauna.

Na ce, "Zo ki kama mini."

Ta ce, "Kaka, ba dama. Mai kallo ba ya taɓa abin da yake kallo. In na sa hannu na ɓata binciken."

Na ɗauka wasan yini ɗaya ne. Ashe zango guda ne cur.

Tun daga ranar, ina durƙushe ina cuɗa ƙeyar rigar mutane, ita tana zaune ƙafa ɗaya kan ɗaya tana gaya wa waya abin da nake yi. Na ɗebo ruwa, waya ta ji. Na hura gawayin dutsen guga saboda an ɗauke wuta, waya ta ji. Rannan iska ta ɗebo zanen gado daga igiya ta ajiye shi daidai ƙafarta. Ta dube shi, ya dube ta. Ta ce wa waya, "Zanen gado ya faɗo." In aiki ya ƙare da yamma, to nan za ta tashi ta dafa abinci ta share ɗaki, wannan ban ce ba ta yi ba. Amma muddin hannuna na cikin ruwa, nata na kan cinya.

Na kai ƙara wurin Mai Shago da ke bakin layi. Ya ce, "Iya, ai wannan shi ne ci gaba. Duk manyan da kike gani haka suka fara, da kallon mutane suna aiki. In ta iya shi sosai, wata rana har mota za a ba ta ta riƙa zagayawa tana yi."

Tela shi kuma ya ce in tafi yajin aiki. "Ki naɗe hannu ke ma. In babu abin kallo, dole ta tashi."

Na bi shawararsa. Washegari na jawo tawa kujerar na ajiye gaban tata, na zauna, muka zuba wa juna ido, kayan mutane na jiƙe a baho. Wallahi yarinyar nan farin ciki ya kusa kashe ta. Ta ce, "Kaka, kin san abin da kika yi? Wannan shi ake kira turjiya! Babi guda zan ware masa!" Kafin azahar matar wani direba ta aiko a karɓi kayan makarantar 'ya'yanta. Na tashi na koma baho. Ita ta samu babi, ni na samu wankin da ya kwana ya fara tsami.

To faɗuwar nan ce ta kai ni bango. Washegari na shafa man zafi, na ɗaura zanen fita, na ce sai na ga wanda ya kafa wannan doka ido da ido. Na daɗe a bakin titi, don motocin haya duk suna layin mai, direbobi sun shimfiɗa kwali a inuwar motocinsu suna barci. Da ƙyar na samu wadda ta ɗebe mu kamar buhuna.

Jama'a, jami'a gari ce. A ƙofar ginin da aka nuna mini an rataya wani ƙyalle mai faɗin da zai rufe ɗakina, da hoton wata mata tana murmushi da tulu a kai. Na ce wa mai gadi ya karanta mini. Ya ce babban taro ne ake yi a sama, a kan yadda za a rage wa mata nauyi. Muna cikin magana sai ga wata sa'ata, mai shara, ta ɗoro katan-katan na ruwan roba a kai za ta hau da su bene, wurin taron. Na ce ba na'urar hawa? Ta ce akwai, ranar da aka buɗe ta ma manya sun hau an yi hoto. Na kama mata katan ɗaya muka hau tare. Allah ya saka wa masu taro da alheri, ta ƙofa na leƙa na ga suna ta tafi, sanyin na'ura na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa har yana lasar mini ƙafa. Irin wannan wahala da suke sha dominmu, Allah ya ba su lada.

Ofishin farko aka ce Mai Girma Uban Hatimi yana mitin. Na biyu aka ce Mai Girma Mataimakin Uban Hatimi ya je ya gaya wa Uban Hatimi cewa ana jiran sa. A na gaba na samu wani bawan Allah a bayan tebur, yana cin gyaɗa daga aljihun tebur ɗin.

Ya ce, "Mama, ke ɗaliba ce?"

Na ce a'a.

"Ma'aikaciya?"

"A'a."

"To uwar ɗaliba?"

Na ce, "Ni ce karatun. Ni ake karantawa."

Ya dakata da tauna. Ya ce gaskiya ba su da taga ta irin wannan ƙorafi. "Waɗanda ake bincike a kansu ba su saba zuwa ba, Mama. Yawancinsu ɓeraye ne da ganyaye."

Na ce to yau ɓera ya zo, kuma ba zai tafi ba sai an saurare shi. Na zauna a kan bencinsa na kwance ɗankwali na sake ɗaurawa. Da ya ga da gaske nake, ya rufe aljihun gyaɗa ya raka ni da kansa har ƙofar malamar da ke duba Takwara, wadda suke ce wa Dakta.

Na shiga da faɗana a baki, na tanade shi tun daga gida. Sai na tarar da wata 'yar siririyar mata a ɗaki kamar akurki, takardu sun kai mata wuya, fanka ta mutu, tana riƙe da waya da kafaɗa tana ba wani haƙuri a kan yaronta da ba a ɗauko daga makaranta ba. Kujera ɗaya ce mai lafiya a ɗakin, ta tashi ta ba ni. Yaya za ka yi faɗa da wanda ya ba ka kujerarsa? Duk da haka na yi, don ban hau motar nan a banza ba.

Na ce, "'Yata, ke ce kika ɗaure wa jikata hannu?"

Ta ce, "Mama, ke ce kakar? Wallahi na san ki kamar na taɓa kwana gidanki. Yaya bayan?"

"Au, har faɗuwar ta iso nan?"

"Tun jiya. Ta turo mini tana kuka."

Wannan ban sani ba. Na ajiye shi gefe, na ci gaba. Na ce ni ban ƙi karatu ba, ni na tura ta. Amma wace irin doka ce za ta ce yarinya ta koyi tausayin mata ta hanyar zuba wa kakarta ido tana kokawa da bargo? Na ce ko dai ku kwance mata hannu, ko ku zo ku kama mini da kanku.

Dakta ta cire tabarau ta murje ido. Ta ce, "Mama, irin wannan bincike kala biyu ne. Akwai wanda mai bincike ke zama gefe yana kallo. Akwai wanda yake shiga cikin aikin, yana yi yana lura. Duka biyun muna karɓa, makinsu ɗaya."

Na ce, "Sake faɗa."

Ta sake faɗa.

"To wa ya zaɓa mata na zama?"

Dakta ta dubi fankar da ba ta juyawa. Ta ce, "Ɗalibi ne ke zaɓa."

Jama'a, na zo neman ɓarawo a gidan mutane, ashe yana kan kujerar robata.

Na ce to a canza yau. Ta ce ita ba ta da ikon canzawa, tunda an riga an amince da tsarin farko, sai kwamiti ya zauna. Yaushe zai zauna? Sai shugabansa ya dawo. Ina ya tafi? Ƙasar waje, taro a kan matsalolin mata. Na ce Allah ya dawo da Mai Girma Uban Kwamiti lafiya, ya samo mana maganin a can, tunda mu matan nan ba a gane mu sai an hau jirgi an hango mu daga sama.

Sai ta gyara zama ta ce akwai abin da ya zama dole ta gaya mini, don haƙƙina ne. Ta ce duk wanda ake bincike a kansa yana da ikon ya ce ya fasa, a kowane lokaci, ba wanda zai tambaye shi dalili. In na ce na fasa, yau ɗin nan Takwara za ta tashi daga kujera.

Na ce, "Makin fa?"

"Binciken ya mutu ke nan. Lokaci ya ƙure da za ta fara wani. Sai baɗi."

Na zo neman haƙƙina, ga shi an ɗora mini shi a tafin hannu, kuma ya fi bargon nauyi.

Na ce zan yi tunani. Har na kai ƙofa ta kira ni. Ta ce za ta rubuta wa kwamiti a canza tsarin, amma kafin su zauna, tana da wani ɗalibi da ya rasa wurin sanin makamar aiki. In na yarda a ɗauki gidana a matsayin wurin aiki, za ta turo shi ya riƙa kama mini, har ranar da kwamiti zai kwance wa Takwara hannu. Kuma makinsa na bakina, sai na ce ya yi aiki za a ba shi. Na ce yana da ƙarfi? Ta yi wani ɗan murmushi ta ce yana da jiki dai.

Da na koma gida na tarar da Takwara a bakin ƙofa tana jira. Ban ko cire mayafi ba.

Na ce, "Kala biyu ne ashe."

Ta sunkuyar da kai.

"Da na zama da na aiki. Kika duba, kika duba, kika ga na zama ya fi dacewa da lafiyarki."

Ta ce, "Kaka, tun ina firamare nake riƙe ɗaya gefen. Ban taɓa ganin ki kina wanki ba. Kullum bargon nake gani, da hannuna, da lokacin da za mu gama. Sai da na zauna na ga yadda kike dafa gwiwa kafin ki miƙe. Na ga kina sa wa maɓallin da ya kusa cirewa zare ba wanda ya sa ki, ba kuma wanda zai sani. Ban san kina yi ba."

Na ce, "Daɗin baki. Wannan na Dakta ne. Ba ni nawa."

Ta ce, "Kuma na gaji, Kaka. Na ce bari in huta zango ɗaya a rayuwata."

"To wanne ne gaskiya?"

"Duka biyun."

Kalmar nan ta "na fasa" tana kan harshena, gajeriya ce, ba ta fi a yi atishawa ba. Na dubi yarinyar. Na dubi hannunta, da ya fara yin laushi irin na masu riƙe biro. Na ce a raina, ni dai ban kwashe shekarun nan ina matsar bargon mutane don in bar mata gadon ɗaya gefen ba. Kuma ba zan sake shekara ina kallon ta a bakin titi tana jiran motar da ke layin mai ba. Na haɗiye kalmar, ta wuce da ƙyar.

Na ce, "Gajiya ko? Allah ya ba ki lafiya. Gobe ki matsar da kujerar nan daga hanyar ruwa, kina tare mini magudana. Kuma in kin zo rubuta faɗuwata, ki ce santsi ne. Kada ki ce tsufa."

Ta rungume ni. Na ce ta sake ni, mai kallo ba ya taɓawa.

Ranar Asabar sai ga wata baƙar mota ta toshe layinmu. Direba ya fito da gudu ya buɗe ƙofar baya. Wani babban mutum ya sauko, fararen kaya sun sha sitaci, tumbi ya riga shi shigowa gida, furfura a gemu. Na ɗauka kaya ya kawo wanki. Ya ce shi ne ɗalibin.

Ashe babban ma'aikaci ne a wani ofis da Tela ya hana ni faɗa. Ƙarin girma ya tsaya masa sai da takarda, shi ne yake karatun ƙarshen mako. Ya saba in an zo irin wannan, ya aika a sa masa hannu a wani wuri ba tare da ya taka ba, sai ya haɗu da Dakta. Ni Ranka Ya Daɗe nake ce masa, shi yana ce mini Mama, ko da yake in an bi diddigi ban ba shi shekaru masu yawa ba.

Ya zagaya tsakar gidan hannu a baya, ya duba baho, ya duba igiya, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Mama, na fahimci matsalar. Za mu duba yiwuwar samar da injin wanki."

Na ce, "Da wace wutar?"

"Za mu duba yiwuwar wannan ma."

Na ce kafin a gama dubawa ga bargo nan a jiƙe. Ya juya ya ce wa direba ya naɗe hannun riga. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ke neman makin, kai ko shi? In shi ne, in gaya wa Dakta ta rubuta sunansa." Direba ya koma mota yana danne dariya. Na ba Ranka Ya Daɗe tsohon zani ya ɗaura a kan fararen kayansa, na miƙa masa gefe guda.

Na fara murɗawa dama. Sai na ga bargo na ta juyawa kamar nama a kan wuta, ko ɗigo bai fita ba. Na duba, ashe duk inda na juya nan yake bi. Na koma hagu, ya biyo ni hagu.

Na ce, "Me kake yi haka?"

Ya ce, "Ina ba ki goyon baya, Mama."

"Wa ya ce ka ba ni goyon baya?"

"A wurinmu inda shugaba ya juya nan ake juyawa. Ke ce shugaba a nan."

Na ce to a nan gidan in na yi dama, kai ka yi hagu, da iyakar ƙarfinka. Ya dube ni kamar na ce ya zagi mahaifinsa. Ya ce tunda ya fara aiki bai taɓa saɓa wa na gaba da shi ba, ba ya jin hannunsa zai yarda. Na ce ya gwada, ba mai kai rahoto. Ya waiwaya ya dubi Takwara da wayarta. Na ce ban da waccan.

Ya gwada. Ruwa ya tsiyayo shaa, ya cika masa takalmi. Wallahi mutumin nan sai ya fashe da dariya kamar yaro, ya ce a kawo wani. In faɗi gaskiya, Allah ya ba shi ƙarfi, bargon da yake matsewa kafin la'asar ya bushe. Guga ce dai har yanzu ban sake masa ba, don ya tsaya yi wa wata riga dogon bayani da dutse a kanta.

Yanzu haka muke. Takwara na kan kujerarta, makinta na nan lafiya, ta ce zuwan Ranka Ya Daɗe ya ba ta babin da ya fi kowanne. Asabar ɗin da ta wuce ma matarsa ta zo, wai ta kawo masa abinci. Ta tsaya a bakin ƙofa da kula a hannu, ta ga maigidanta ɗaure da zani yana shanya zanen gado, da maƙalen shanya a baki. Ta taɓa Takwara ta ce, "'Yan mata, ɗan matsa mini." Suka raba kujerar. Can ta tambaya ko ana ba da maki a wannan kallon. Takwara ta ce sai wanda ya yi rajista. Ta ce ba komai, ita ko kyauta ne za ta riƙa zuwa.

Saura magana ɗaya, Tela, kuma ka rubuta ta da manyan baƙi. Na ji ƙishin-ƙishin cewa Mai Girma Uban Kwamiti ya kusa dawowa, kuma takardarmu na saman tebur. Ranar da suka zauna suka kwance wa Takwara hannu, ranar za a janye mini Ranka Ya Daɗe, ga shi wani masauki ya kawo labulensa kaf. Saboda haka ina roƙon manyanmu, don girman Allah, kada su yi gaggawa. Mutum ya sha hanya, a bar shi ya huta. In akwai wani taron a wata ƙasar, a tura shi. Tunda nake ban taɓa roƙon hukuma abin da na tabbata za ta yi mini ba sai yau.